Fim Mai Lamba Sha Biyar

A gidan da na tashi a Zariya ba mu san wata lamba da ake sa wa fim ba. Gyaran muryar babanmu ita ce lambar. Idan muna zaune a falo ana kallon kaset, aka zo wurin da namiji ya matso kusa da mace fiye da yadda ya kamata, sai ya yi gyaran murya, mu kuwa mu miƙe kamar an ƙwala mana kira daga tsakar gida. Wani ya tafi shan ruwa, wata ta tafi duba tukunyar da ba a ɗora ba. Can sai innarmu ta leƙo ta ce mu dawo, an wuce wurin. Haka muka girma da fina-finai masu giɓi a tsakiya, kuma ban tuna ranar da wani a cikinmu ya yi ƙorafi ba.

Da na zama uwa, muka tare a Kuje, wannan dabarar ba ta yi mini amfani ba. Ni ina aiki a wata ma'aikata a cikin garin Abuja, in fita da sassafe in dawo da yamma liƙis. Maigidana yana da shagon kayan lantarki kusa da kasuwa, shi ma yini yake yi a can. 'Ya'yanmu biyu ne, duka mata, shekara bakwai tsakaninsu. Babbar kowa Yaya yake ce mata a gidan, har da mu iyayenta, ƙaramar kuma Auta. Suna dawowa daga makaranta, kafin lokacin islamiyya, talabijin ce abokiyar zamansu, da tashoshi barkatai da fina-finan da ake jawowa ta intanet. Babu babba a falo da zai yi gyaran murya.

Wadda ta fara nuna mini lambar maƙwabciyata ce, wata ma'aikaciyar jinya 'yar Filato da katanga ɗaya ta raba mu. A lokacin Auta tana da shekara huɗu. Kwatsam ta daina shiga banɗaki ita kaɗai, ko da rana tsaka, sai an tsaya mata a bakin ƙofa. Da na matsa da tambaya, Yaya ta ce tana canza tasha ne suka faɗa kan wani fim da wani abu yake fitowa daga ramin wanka. Na kai wa maƙwabciyar labari ina neman shawara, ko akwai maganin firgita. Ta yi dariya, ta biyo ni falo, ta ɗauki rimot. Hausarta irin ta Abuja ce, mace da namiji duk "kai" take ce musu.

"Maman yara, kai ba ka duba lamba? Ga shi nan a sama. Wannan sha takwas ne, ba na yara ba. Wannan sha biyu. Wannan kuma kowa da kowa."

Ta danna wani wuri, wasu ƙananan kalmomi suka fito a ƙarƙashin sunan fim ɗin.

"Nan kuma suna gaya maka dalili. Ko faɗa ne, ko zagi, ko abin tsoro, ko maganar manya. Ka karanta kafin ka bari."

Shekara da shekaru lambar tana kusurwar allon ina ganinta, na ɗauka wani adon tasha ne. Ranar ta nuna mini yadda ake sa lambar sirri, ta yadda duk fim ɗin da ya wuce shekarun yara ba zai buɗe ba sai babba ya zo. Da maigidana ya dawo na nuna masa, abin ya yi masa daɗi ƙwarai. Mutum ne mai son ƙa'ida a fili, irin wadda ba ta buƙatar dogon bayani. A shagonsa ma idan ya ce wayar nan ba za ta ɗauki injin daskarewa ba, ko za ka kwana kana roƙonsa ba zai sayar maka ba. Ya tara yaran ya ce, "Lambar da ta fi shekarunki ba taki ba ce. Shi ke nan."

Dokar ta zauna, ta kuma yi mana aiki shekaru. Ta rage mini gardama sosai. Idan Yaya ta kawo ƙorafi sai in nuna mata kusurwar allo in ce ba ni na rubuta ba. Ta yi ɗan kumburinta, zuwa cin abinci ta manta.

Tana da shekara sha huɗu muka je sinima a wani babban kanti a cikin gari, ranar wata Asabar bayan sun gama jarrabawa. Fim ɗin zane muka je kallo saboda Auta. Muna kan layin tikiti na lura Yaya ta bar mu, ta je ta tsaya gaban wani hoton talla a jikin bango. Hoton ba shi da wani abin jan hankali. Wata yarinya ce a tsaye riƙe da kular abinci, a bayanta dogon bango. A ƙasa an zagaye lamba sha biyar.

Ta dawo ta ce, "Mami, wancan nake so in gani."

"Kin ga lambar?"

"Na gani. Saura kaɗan ai."

"Idan kaɗan ɗin ya cika ma yi magana."

Muka shiga, Auta ta yi ta ƙyalƙyala dariya tana zubar da gugguru, ita kuwa Yaya ko murmushi ban ga ta yi ba. Na ɗauka fushin da aka saba ne. Amma a mota ba ta yi kumburi ba, ta ma taimaka wa ƙanwarta ta cire takalmi da barci ya ɗauke ta. Bayan 'yan kwanaki, ina yanka alayyahu, ta zo ta karɓi wuƙar ta ci gaba da yankan, ta ce ko na sake tunani. Na ce a'a. Cikin makon ta sake tambaya, a natse, ba tare da cewa ai duk 'yan ajinsu sun gani ba, wanda shi ne makaminta na kullum. Wannan ne ya tsaya mini a rai. Na san 'yata. Idan kwaɗayi ne kawai, da hayaniya yake zuwa, kuma ba ya kwana uku.

A ofis na nemo bayanin fim ɗin a waya. An ce akwai zagi, akwai duka, akwai wuraren da za su iya sosa rai. Ban ga maganar tsiraici ba, hankalina ya ɗan kwanta ta wannan gefen. Amma duka iri-iri ne. Akwai na 'yan wasa da ake tsalle ana faɗuwa a tashi, akwai wanda idan ka gani sai ka kasa cin abinci. Kalmomin sun gaya mini abin da ke ciki, ba su gaya mini nauyinsa ba. Sai na yanke shawarar in je in gani da idona.

Ranar wata Juma'a, da aka tashi aiki da wuri, maimakon in nufi tashar Kuje sai na hau tasi zuwa kantin. Ban taɓa shiga sinima ni kaɗai ba. Ga ni da atamfa da babban mayafi da jakar ofis, a layin da duk samari ne da 'yan mata bibbiyu. Yarinyar da ke sayar da tikiti ta leƙa bayana, ta tambaye ni da turancin buroka ko ni kaɗai ce. Na ce ni kaɗai. Ta ce ko na san fim ɗin da nake so, don akwai na barkwanci da zai fara ba da jimawa ba. Na ce na sani, wancan mai yarinya da kula. Ta miƙo mini tikitin tana kallona kamar wadda ta yi ɓatan hanya. Na samu kujera a gefe, na ɗora jakata a cinya.

Labarin wani direban motar haya ne da aka kai gidan yari bayan wani hatsari. Amma ba shi ake bi ba, 'yarsa ake bi da mahaifiyarta, su da suka rage a waje. Yadda maƙwabta suke yin shiru idan sun fito ɗiban ruwa. Yadda uwar take tashi ta yi girki ta zuba a kula, su je su bi layi, a buɗe abincin a duba, su samu ɗan lokaci kaɗan su gan shi, a ƙare lokacin ana tambayar lafiya ba a faɗi komai ba. Zagin yana nan, mai kauri kuwa, a bakin fursunoni. Dukan wuri ɗaya ne, inda wasu da suke ɗaki ɗaya suka taru a kan direban. Bai daɗe ba, amma an yi shi kamar gaske, har na kau da kai. Waɗanda suka sa masa sha biyar sun yi daidai. Ko kusa ba zan bari Auta ta gan shi ba.

Na fito idona ya yi ja. A motar Kuje aka matse mu a baya, ni da wata Bafulatana da ƙoren nononta da suka ƙare, da wasu ma'aikata biyu da suke ta maganar ogansu. Ni tunanina ɗaya ne, me yarinya 'yar sha huɗu take nema a wannan labarin. Babu soyayya a ciki, babu rawa, babu wani ɗan wasa da 'yan mata ke haukacewa a kansa. Mu a Kuje gidan yari ba baƙon abu ba ne. Ranakun ziyara mukan ga mata da kuloli suna sauka daga keke mai ƙafa uku a kan hanyar, mu wuce abinmu. Ban taɓa jin Yaya ta yi maganarsu ba.

Washegari da hantsi na aiki Auta gidan maƙwabciya, na kira Yaya ɗaki muna ninke kayan wanki.

Na ce, "Na je na kalli fim ɗinki jiya."

Ta saki zanen da ke hannunta. "Ke kaɗai, Mami? A sinima?"

"Ni kaɗai. Har mai tikiti ta tausaya mini."

Ta yi dariya, dariyar farko da na ji daga bakinta a 'yan kwanakin nan.

"Na ga abin da ke ciki. Abin da ban sani ba shi ne me ya sa kike son ganinsa. Ba faɗa zan yi ba. Ki gaya mini kawai."

Ta daɗe tana gyara bakin zanen. Sannan ta ce an ba ta amana ne. Na ce amanar da ta hana yarinya dariya, uwarta tana da haƙƙin ta taya ta ɗauka, kuma maganar ba za ta fita daga ɗakin nan ba sai da izininta.

Ƙawarta ce, wadda suke zama benci ɗaya tun shigarsu sakandare. Na san yarinyar sarai. 'Yar Kudancin Kaduna ce, siririya, mai ladabi, takan zo su yi aikin gida tare ta ci tuwo da mu. Mahaifiyarta tela ce a kasuwa. An daɗe ana cewa babanta ya yi tafiya. Ashe yana nan cikin Kuje, a gidan yari, yana jiran shari'a kan wani rikicin fili da aka ji wa wani rauni. A duk makarantar Yaya kaɗai ta gaya wa.

"Mami, idan ta yi maganar ban san me zan ce ba. Sai in ce Allah ya fito da shi, sai in yi shiru. Rannan na ce na san yadda take ji, ta ce ban sani ba. Ta ga fim ɗin nan, wata 'yar'uwarsu ce ta kai ta, ita ƙawar tawa ta riga ta cika sha biyar. Ta ce idan ina so in sani in kalle shi, haka abin yake."

Na ce ta ba ni izini in gaya wa Abbanta, shi kaɗai, domin ba zan yanke hukunci a bayan idonsa ba. Ta ce to.

Ranar Lahadi bayan la'asar muka zauna da shi a ƙarƙashin mangwaron da ke bakin ƙofar kicin. Na ba shi labarin tun daga hoton talla. Da na zo kan zuwana sinima ya kalle ni ya girgiza kai yana murmushi, da na zo kan ƙawar kuma murmushin ya ɗauke. Ya yi wa mutumin addu'a. Amma a kan fim ɗin bai motsa ba.

"Na tausaya wa yarinyar. Sai dai doka idan aka huda ta sau ɗaya ta tashi aiki. Gobe Auta za ta ce ai an bar Yaya. Ki zauna ki ba ta labarin da bakinki, ai kin gani."

"Na gwada a raina. Idan na ba da shi wa'azi zai zama. Ba wa'azi take nema ba."

"Mutanen da suka sa lambar aikinsu ke nan. Sun fi mu sanin abin."

"Sun fi mu sanin fim ɗin, na yarda, kuma lambar da suka sa daidai ce. Amma ba su san 'yarmu ba. Sun sa lamba ɗaya don yaran ƙasar nan gaba ɗaya. Sun gaya mana abin da ke ciki, sun sauke nasu nauyin. Ba su san wadda take zama kusa da ita a aji ba."

"To sai ki kai ta sinima ki ce ta cika sha biyar?"

"Allah ya kiyaye. Ba zan koya mata ƙarya a bakin ƙofa ba. Dokar sinima ta sinima ce, ba za mu taɓa ta ba. Idan ya fito a talabijin, a falonmu, muna zaune kusa da ita, wannan namu ne."

Ya ɗauki wani busasshen ganye yana murzawa. Na san halinsa, lissafi yake yi. Can ya ce sharaɗinsa biyu. Zai fara kallon fim ɗin shi kaɗai kafin ya amince. Idan kuma ya amince, rimot a hannunsa zai kasance, kuma a gaya wa yaran duka biyun cewa dokar tana nan, wannan shawarar iyaye ce ta sau ɗaya. Na ce na yarda.

Bayan wasu makonni fim ɗin ya shigo cikin waɗanda ake kallo a gida. Ya kalle shi a shago, a waya, tsakanin masu sayen ƙwan fitila. Da ya dawo bai yi dogon bayani ba. Yana wanke hannu ya ce, "Asabar da rana. Ki kai Auta maƙwabta."

Auta ba ta tafi cikin daɗin rai ba. Ta tsaya a bakin ƙofa ta ce me ya sa Yaya za ta ga lambar da ta fi ta. Abbanta ya durƙusa ya ce, "Saboda ni da Maminki mun kalla, mun yi shawara, kuma za mu zauna tare da ita. Ke ma idan ranarki ta zo za mu yi miki haka." Maƙwabciyar ta leƙo ta katanga ta ce ta zo, tana soya awara. Wannan ya kashe maganar.

Muka zauna mu uku, Yaya a tsakiya da matashi a ƙirjinta. Wuta ta ɗauke ana cikin farawa, ya tashi ya tayar da janareta, muka ci gaba. Da zagin farko ya fito ta saci kallon Abbanta, shi kuwa bai ko ƙifta ba. Da aka kusa wurin dukan ya tsayar da fim ɗin.

"Yaya, nan gaba kaɗan mutane za su taru su doki baban yarinyar. Ba daɗin gani. Zan iya tsallakewa in gaya miki abin da ya faru. Ke za ki zaɓa."

Ta ce, "A bar shi, Abba."

Ta kalla da rabin fuska a bayan matashi. Na ji jikinta ya ƙame a jikin nawa, na riƙe hannunta, wurin ya wuce. Ta sauke numfashi, ba ta yi kuka ba. Na ce a raina mun haye.

Ashe ba nan ba ne. Can gaba akwai wani wuri da ni ban ma riƙe shi ba a kallon farko. Malama ce a aji take bin ɗalibai ɗaya bayan ɗaya, kowa ya faɗi sana'ar babansa. Ana matsowa kusa da yarinyar, ita kuma tana ta goge abin da ba ta rubuta ba a littafinta. Babu zagi, babu jini, babu abin da wani zai sa a cikin kalmomin gargaɗi. A nan Yaya ta fashe da kuka, irin kukan da rabona da jinsa tun tana ƙarama. Abbanta ya tsayar da fim ɗin ba tare da an ce masa ba.

Da ta samu magana ta ce, "An yi mana haka a aji, zangon da ya wuce. Ƙawata ta ce babanta ɗan kasuwa ne a Legas. Ni kuma lokacin ban sani ba, har na ce idan ya dawo ya kawo mana tsaraba. Na yi ta tsokanarta da maganar tsarabar."

Abbanta ya ce, "Ba ki sani ba. Ita ma ta san ba ki sani ba, shi ya sa daga baya ke ta zaɓa ta gaya wa."

Muka bar ta ta huce, ta wanke fuska, muka ƙarasa. Bayan an gama ta yi tambayoyi da yawa, wasu muna da amsa, wasu babu. Ko mutum zai iya daɗewa a ciki ba a yanke masa hukunci ba. Ko ana barin yara su taɓa hannun babansu. Ko laifi ne ka so wanda ake zargi. Abbanta ya amsa ta ƙarshen, ya ce uba uba ne, kuma shari'a aikin alƙali ce, ba aikin 'yarsa ba ne, ba kuma na ƙawar 'yarsa ba.

Ranar Litinin Yaya ta gaya wa ƙawar cewa ta kalli fim ɗin, kuma iyayenta sun sani. Ni na ba ta shawarar kada ta ɓoye. Yarinyar ta yi fushi sosai, ta canza benci, ta daina zuwa gidanmu. Yaya ta shiga damuwa, ta ce da ma ba ta faɗa ba. Na ce ta ba ta lokaci, ta ci gaba da gaishe ta ko ba ta amsa ba. Ban yi shakka ba a kan abin da muka yi, amma ba zan ce kwanakin sun yi daɗi ba.

Wata ranar Alhamis na dawo daga aiki na tarar da takalma biyu a ƙofar falo. Yaya da ƙawarta ne zaune a ƙasa da littattafan lissafi. Yarinyar ta durƙusa ta gaishe ni kanta a sunkuye. Na amsa kamar kullum, na tambaye ta ko ta ci abinci, na ce akwai sauran dambu a kula. Ban ɗaga maganar ba, ita ma ba ta ɗaga ba. Sai da za ta tafi, na raka ta bakin get, ta ce, "Mami, mamana ta ce a gaishe ki." Na ce ina amsawa, kuma ina da atamfa da nake so a ɗinka mini.

Na kai ɗinkin da kaina. Matar ta gane ni tun daga nesa. Ta gwada ni, ta rubuta awo, muna ta hirar tsadar zare. Da zan tafi na ce mata maigidana yakan bi ta hanyar can ranar Asabar da safe idan zai buɗe shago, motar kuma babu kowa a baya. Ta ajiye almakashi ta dube ni, ta ce keke yakan zubar mata da miya a hanya. Tun daga makon, yakan tsaya a bakin layinsu ya ɗauke su da kulolinsu, ya sauke su kusa da gidan yarin, ya wuce. Wani lokaci Yaya takan bi su ta riƙe kula ɗaya a cinyarta, ta wuce tare da Abbanta shago. Ba ta taɓa shiga ba, ba a kuma taɓa neman ta shiga ba.

A gidanmu lambar sirrin tana nan a talabijin har yau, kuma lambar da ke kusurwar allo ita nake fara dubawa. Sau da yawa a nan maganar take ƙarewa. Abin da ya ƙaru shi ne ina karanta ƙananan kalmomin da kyau, idan ban gamsu ba in kalla da kaina, sannan in tambayi mai so dalilinta. Abin yana yanka ta ko'ina. Akwai fim ɗin da aka rubuta na kowa da kowa ne na hana Auta, saboda an yi rasuwar kaka a ciki, mu kuma ba mu daɗe da rasa innata ba, yarinyar tana ta mafarkinta. Akwai kuma mai sha takwas da Yaya ta kawo mini da dogon bayani bayan ta cika sha shida, na saurare ta har ƙarshe, na ce a'a, kuma a'a ɗin ta zauna.

Mahaifin ƙawar ya fito a daminar da ta biyo bayan kallon fim ɗin, bayan ɓangarorin biyu sun sasanta. Ba su daɗe ba suka yanke shawarar komawa Orozo, wani gari a ɗaya gefen Abuja, inda ɗan'uwansa yake da gona da ɗaki biyu da babu kowa. Ranar tashinsu muka je sallama. Na yi zaton ganin wani irin mutum, ban san wane iri ba. Sai ga wani gajeren dattijo mai furfura a gemu, da tsohuwar riga, yana ɗaure katifa a saman a-kori-kura. Ya sauko ya riƙe hannun maigidana da hannu biyu, ya daɗe bai saki ba, ya ce matarsa ta gaya masa komai. Maigidana ya ce ai hanya ce kawai, ya kama ɗaya bakin igiyar suka ƙarasa ɗaurin tare.

'Yan matan suna gefe a kan wani buhun masara, kai a haɗe, suna duba yadda za a yi Yaya ta je hutu. Sai mota uku ake hawa daga Kuje kafin a kai Orozo. Yaya ta ɗago ta ce, "Mami, za ki bar ni?" Na ce idan an yi hutu ni zan kai ta da kaina, in ga gonar, in kuma karɓo ɗinkina da ya rage. Direban ya danna ham, uwar ta ƙirga kayanta, aka ɗaga keken ɗinkin aka sa a gaba kusa da ita don kada ya bugu a hanya.